Lambuna na saman bene a Jidda

Asabar, 24 ga Satumba, 2022

Yau na hau da bokitai goma sha huɗu saman bene. Zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, don in san ko aikin zai biya wahalarsa. Matan da muka rabu da su bayan rusau ɗin tsohuwar unguwarmu ta Gulail ma suna ta tambayata a waya yadda za a yi shuka a gidan da ba shi da tsakar gida.

Saboda Inna nake yi, mahaifiyar maigidana. Watan jiya aka auna ta a asibitin unguwa, sugan wata uku da suke ce wa tarakumi ya nuna 9.4, jininta kuma ya hau. Likita ta ce a rage mata shinkafa da burodi da gishiri, a ƙara ganye. Muka shiga halaga, kasuwar kayan lambu, muka cika leda da ƙaramar kabewar da suke ce wa kusa, da ganyen jarjir mai ɗan yaji, da farin kabeji. Kwana biyu ta ci, rana ta uku ta ture kwano.

"In ganye za ku ba ni, ku ba ni na gida," ta ce. "Ina rama? Ina yakuwa?"

Tun tana amarya ta baro Katsina, shekara arba'in da ɗoriya tana Jidda, amma harshenta bai baro gida ba. A tsohon gidanmu na Gulail akwai zogalen da ta dasa da hannunta, ya tafi tare da gidan. Lalo ba ya wuya a nan, shi ne mulukiyar Larabawa, kuɓewa ma kowane kantin unguwa akwai. Ɗanyar rama ce babu. Busasshiya muke samu da can wajen mata masu kasa kaya a bakin titi, su ma tun da aka watse ban san inda suka koma ba.

Abin da na kashe: tsofaffin bokitan fenti a kasuwar Sawarik, riyal 3 kowanne, 42. Ƙasar shuka buhu huɗu, 88. Takin tumaki buhu biyu, 20. Jimla 150. Iri kyauta ne, goggon maigida ce ta ƙullo mana a tsumma da ta zo Umara: rama, yakuwa, alayyahu, zogale. Mai gidan da muke haya ya yarda, da sharaɗin kada ruwa ya tsatso ƙasa. Haris, wato mai gadin gidan, ya ba ni makulli.

Litinin, 26 ga Satumba

Na huhhuda gindin bokitai da ƙusa mai zafi, na zuba tsakuwa. Ƙasa kashi biyu, taki ɗaya, yashi ɗaya. Rama bokiti bakwai, lalo biyu, kuɓewa biyu, yakuwa biyu, alayyahu ɗaya. Jarjir da kuzbara, ganyen ƙamshin girkin Larabawa, a tsofaffin farantai. Zogale a rabin durom. Inna ba ta iya hawa, daga ƙasa take aiko autata da umarni: kada a binne irin rama da zurfi, gaɓar yatsa ɗaya ta isa.

Juma'a, 30 ga Satumba

Rama ta fito. Kuɓewa ma. Sauran shiru.

Laraba, 5 ga Oktoba

Jarjir da kuzbara sun mutu ƙurmus, alayyahu ya kwanta. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, na yi gaggawa. Jarjir da kuzbara shukar sanyi ce, a Jidda kuwa har yanzu ba a iya taka simintin bene da rana ba takalmi. Na biyu, ruwan tankin sama. Da la'asar nake ban ruwa, ashe a lokacin ruwan da ke fitowa daga tiyo ya isa a yi wanka da shi a hunturun Kano ba a surka ba. Na tsoma hannu jiya na janye. Kwana tara ke nan ina dafa saiwoyin da kaina.

Maigida gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shi ya kawo mafita. Ya ce ruwan da na'urorinmu uku suke ɗiga a banza ya isa lambun, don iskar garin nan jiƙe take da laima, kuma ruwan da sanyinsa yake fitowa, babu gishiri. Ya haɗa bututun uku suka zuba a durom ɗaya a baranda, ya ɗora ƙaramin dinamo a bakin ƙofar bene yana jawo ruwan sama. Kamar yadda yake yi wa duk abin da ya gyara, ya manna masa takardar shagonsa mai lambar waya. Ya kuma gargaɗe ni cewa wannan ruwan ba shi da abinci ko kaɗan, dole in riƙa ƙara taki.

Dinamo na hannu 170, tiyo 35, koriyar raga mai tare rana 60. Katakon da na ɗora bokitai a kai don su rabu da siminti, haris ne ya tsinto. Jimla zuwa yau 415. Na ji nauyin kuɗin, don an ɗauka daga na cefane ne.

Laraba, 12 ga Oktoba

Komai ya farfaɗo. Tantabarun benen maƙwabta sun gano alayyahu, na ja raga har ƙasa. Ban ruwa ya koma bayan asuba.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Yau muka ci na farko. Rama ta yi cunkoso, na tsittsige ƙananan na bar guda biyar-biyar a kowane bokiti, abin da na tsige ya cika kwando.

Inna ta sa aka kawo mata tabarma bakin kicin. Na gyara ganyen, na wanke sau uku saboda ƙura, na zuba a ruwa mai tafasa. Kore ne shar da ya shiga, kafin minti biyar ya koma kalar sojoji, ƙamshin tsaminsa ya cika gidan. Inna ta rufe ido ta ja numfashi. Ta ce in zubar da ruwan farko, in ɗauraye da na sanyi, in matse da hannu biyu dunƙule-dunƙule, amma kada in matse har tsamin ya gudu duka. Ƙuli-ƙuli kuwa tun jiya na yi abina: na soya gyaɗa rabin kilo, na niƙa, na murza da ruwan ɗumi har mai ya fito, na toya. Na daka shi da barkono da citta, na yanka albasa da tumatir, man da ya fito cokali ɗaya, gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka. Dunƙulen ɗanɗano ban sa ba, don shi ma gishiri ne.

Ta ci loma uku ba ta ce komai ba. Sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ta cinye, ta side kwanon. Rabon da in ga haka tun kafin mu tashi daga Gulail.

Yaran ne suka ba ni tunani. Babban, mai shekara goma sha huɗu, ya leƙa kwano ya tambaye ni da Larabci mene ne wannan. Na ce rama. Ya ce me ake ce mata a makaranta? Ya ɗanɗana ya yamutsa fuska, ya ce a ba shi kuɗin shawarma. Ban yi masa faɗa ba. Yaron da ya tashi a kan kabsa da ful da tamis, tsire ma da sunan "sire" na Hijaz ya san shi, ina zai san rama in ban sa masa a gaba ba?

Asabar, 29 ga Oktoba

Ƙananan fararen ƙudaje sun cika bayan ganyen kuɓewa da lalo. In ka taɓa sai su tashi kamar gari. Ganyen ya fara danƙo yana rawaya. Ban son maganin feshi a kan abin da Inna za ta ci, sai na sa yaro ya tsinko ganyen darbejiya a bakin masallaci, na daka na jiƙa kwana ɗaya, na tace na ɗiga sabulun wanke-wanke. Sabulun ya yi yawa, kuma da hantsi na fesa. Kafin azahar lalon bokiti ɗaya ya ƙone, kamar an watsa masa ruwan zafi. Na yanke shi daga gindi ko zai sake tofo. Daga yanzu ɗigo uku a lita, kuma sai bayan magariba, a bayan ganye.

Rama ko a jikinta.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Sati biyu ke nan ina gwada girki, ga abin da ya zauna.

Fate: tsakin masara ba ya samuwa a kusa, sai na gwada jarish, ɓarzajjiyar alkamar da 'yan ƙasa suke dafawa da nono. Na jiƙa shi tun dare. Ruwan ƙashi, albasa, tumatir, daddawa, gyaɗa kaɗan, sannan jarish kofi ɗaya kacal, sai rama da yakuwa da alayyahu har su fi hatsin yawa. Ya fi tsaki daɗewa a wuta, amma yana kama jiki. Wannan Inna ta karɓa hannu biyu.

Miyar lalo: kullum da kanwa muka saba don yauƙi da kore, amma likita ta ce kanwa ma tana cikin abin da mai hawan jini zai kiyaye. Na bi hanyar maƙwabciyata Bamisriya: a yanka ganyen ya yi laushi sosai, a zuba a romo mai zafi, kada a rufe tukunya, kada a bari ya daɗe yana tafasa. Ita tafarnuwa da kuzbara take soyawa ta juye a kai. Ni na bar tafarnuwar, na sa daddawa. Yauƙi ya zo daidai. Tuwon alkama malmala ɗaya ƙarama.

Abin da bai karɓu ba: na gwada ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, a madadin gyaɗa a miyar taushe. Ɗaci ya fito, kowa ya bari.

Sugan Inna na safe yana tsakanin 150 da 165, da can yana haura 200. Maganinta tana sha a kan lokaci, ban yarda kowa ya ce mata ganye ya isa ba. Na sake shuka jarjir da kuzbara, na sayo dashen tumatir huɗu, riyal 20.

Talata, 15 ga Nuwamba

Rama ta kai ƙuguna. Ganyen ƙasa faffaɗa ne kamar tafin hannu, na sama kuwa ya rarrabu yatsu biyar, wani bakwai, siriri mai baki kamar zarto. Ta fara ɗaurin fure, da wuri, Inna ta ce gajeruwar rana ce take sa ta haka. Na ja bokiti ɗaya bayan tanki na bar shi don iri.

Haris ya hau duba tanki, ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ya tambaye ni a hankali, "Hajiya, wannan mene ne?" Na ce 'yar uwar karkade ce, wato zoɓo, na tsinka masa ya tauna, ya ji tsami ya yi dariya ya sauka. Samarin da ke kiwon tantabaru a benen da ke jikin namu ma na ga suna leƙowa, ɗaya yana ɗaga waya. Na gyara mayafi na ci gaba da aikina.

Laraba, 23 ga Nuwamba

An shiga lambun.

Jiya Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a Ƙatar. Mesi ya fara ci da fenareti, Salih Shahri ya farke, Salim Dausari ya ƙara. Garin nan ya rikice, Sarki Salman ya ba da hutu yau. Da daddare duk gidan aka fita, har haris, motoci suna ta ham har wajen ƙarfe uku. Mu ma mun kai yara bakin teku. Inna kaɗai aka bari, ta ce ta ji ana ja da wani abu a sama, ta ɗauka yara ne.

Da asuba na hau da bokitin taki. Ƙofa a kulle take yadda na bar ta, ta katangar maƙwabta suka tsallako. Bokitan rama shida an tumɓuke su da saiwa, ƙasar a warwatse. An yaga raga. An tattake lalo da jarjir da ya fara ganye huɗu. Dinamo babu, an yanke tiyo da wuƙa. Tukunyar gas da muke ajiyewa ta ko-ta-kwana ita ma babu. Tumatir da kuɓewa da zogale ba a taɓa ba. Bokitin bayan tanki ya tsira, ba su gan shi ba.

Na zauna a kan katako na yi kuka. Ba dinamon ba ne. Wata biyu ina hawan bene hawa huɗu kafin gari ya waye, na san kowace shuka. Kuma na rasa gane ɓarawon da zai bar kuɓewa mai 'ya'ya ya kwashe rama.

Maigida ya ce mu bari hutu ya wuce ya kai rahoto. Inna ta ce, "Ku bar su. Rana dubu ta ɓarawo."

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Ruwa tun ƙarfe takwas na safe har biyu na rana. Hukumar yanayi ta ce an samu milimita 179 a cikin awa shida a kudancin gari, ya zarce na ambaliyar 2009. An rufe makarantu, an rufe hanyar Makka na wasu awanni, motoci suna yawo a ruwa, an ce mutum biyu sun rasu. Allah ya jiƙansu.

Ƙasar da ɓarayin suka zubar ban gama kwashewa ba, ita ta toshe magudanar bene. Ruwa ya taru har idon sawu, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya gangaro matakala. Ni da maigida da babban yaro muka hau cikin ruwan, yana zura ƙarfe a magudana muna kwasa da bokiti. Mai gida ya kira ransa a ɓace, ya ce sharaɗi ɗaya ya kafa. Gaskiyarsa ce. Maigida ya ba shi haƙuri, ya ɗauki fentin matakala a kansa.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Yanzu na gane dalilin kwashe rama.

Jiya bayan isha saƙo ya shigo wayar maigida ta WhatsApp. Hoto ne na ramata an shanya a kan tabarma a wani ɗaki. A ƙasa an rubuta da Larabci: mun san abin da kuke shukawa a sama, ku turo riyal 5,000 kafin Talata, in ba haka ba mu kai wa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Wiwi suka ɗauka.

Jikina ya mutu. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san ba a wasa da wannan zargi. Ko ƙarya ce, kafin a wanke ka an zo gidanka, maƙwabta sun gani, mai gida ya ji, kafili, wanda takardar zamanka ke hannunsa, ya ji. Kuma na san abin da suka dogara da shi: sun ga baƙar fata, sun ƙiyasta ba mu da takarda, ba za mu iya tunkarar 'yan sanda ba. Mutanenmu da yawa a haka ake cin su, a kwashe musu kaya su yi shiru. Mu ikamarmu, wato takardar zama, da rai, alhamdu lillahi, amma duk da haka ban runtsa ba.

Maigida ya fi ni nutsuwa. Ya ƙura wa hoton ido, ya buɗe shi da yatsa biyu, ya miƙo min. A kusurwar ɗakin ga dinamonmu, ga takardar shagonsa a manne, lambar tana karantuwa. A nan suka samo lambar tasa. Ga tukunyar gas a gefensa. Ya taɓa hoton mai saƙon, sai ga fuskar yaron da ke ɗaga waya ran nan, yana riƙe da tantabara. Da layinsa ya turo, a ƙasar da ba a ba ka layi sai da katin shaida da zanen yatsa. Maigida ya rubuta masa, "Ina zan tura?" Ko minti biyu ba a yi ba ya aiko lambar asusun banki, da cikakken suna a ƙasa don kada a yi kuskure.

Da safe ya shirya zai tafi. Inna ta kira shi.

"Kada ka je hannu rabbana. Ɗauki bokitin nan na bayan tanki, da sauran irin da ke tsumma, da busasshen zoɓo. Su gani da idonsu."

"To, Inna."

Haka ya shiga ofishin da bokitin rama a hannu. Ya ce jami'in farko ya miƙe tsaye da ya gani. Ya nuna musu saƙon, ya nuna furen da ya buɗe a safiyar, ruwan madara mai jan ciki kamar na kuɓewa, ya ce wiwi ba ya irin wannan fure, wannan dangin karkade ce, Misrawa suna ce mata til, da ɓawonta ake igiya. Wani dattijon jami'i ya murza ganye ya shinshina, ya tauna. Duk da haka suka yanki reshe biyu za a kai gwaji, suka ɗauki bayaninsa, suka ce kada ya sake amsa saƙon. Sun mutunta shi. Ya dawo da bokitina lafiya.

Alhamis, 1 ga Disamba

An kama su, su biyu, tun ran Litinin. A ɗakin da ke hoton aka same su, da dinamo da tukunya da ramar. Gwaji ya fito, ganyen miya ne. An kira maigida ya shaida kayansa.

Sauran labarin a bakin haris na ji, shi kuma daga harisin gidansu. Wai sun busar da kaɗan a kan murhu sun naɗa sun sha, tari ya turnuƙe su, suka ce ai don bai gama bushewa ba ne. Suka sayar wa wani ƙulli ɗaya, mutumin ya dawo da dare ya kama ɗayan da duka a bakin gida yana neman kuɗinsa. Da ciniki ya ƙi, shi ne suka juyo kanmu. Har a lokacin ba su yarda ba wiwi ba ne, sun ce iri ne mara ƙarfi.

Duk gidan ana ta dariya, Bamisriya har da riƙe ciki. Ni ban iya ba, don na ji wani abu da ya tsaya min a wuya. Mai tantabarar, wanda ya turo saƙon, ɗan Hausawa ne. A nan aka haife shi, shekararsa goma sha tara, uwarsa mutuniyar wajen Daura ce. Ɗan Bahaushiya ya tumɓuke rama bokiti shida, ya ɗauka a kafaɗa, ya shanya, ya sha hayaƙinta, bai san ta ba. Da ko sau ɗaya an taɓa aikensa ya gyara ta a tire, da ƙamshin kaɗai ya isa. Ina wannan tunanin ina kallon nawa yaron yana cin shawarma.

Lahadi, 4 ga Disamba

Uwar yaron ta zo, tare da wata dattijuwa da ta san Inna tun Gulail. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Inna, ku rufa min asiri kamar yadda Allah ya rufa muku. Shi kaɗai gare ni namiji."

Aikatau take yi a gidaje biyu, tana fita kafin ya tashi, tana dawowa ya fita. Uban ya rasu. So take maigida ya janye haƙƙinsa, abin da ake ce wa tanazul. An yi mana bayani tun a ofis cewa haƙƙi biyu ne: namu, wanda za mu iya yafewa, da na hukuma, wanda ke hannun masu gabatar da ƙara, ba ruwansa da yafiyarmu, sai dai tana iya sassautawa.

Ni ban so ba, kuma na faɗa a gabanta. Na ce, "Baiwar Allah, da sata ce kawai da tuni na yafe. Ɗanki ya nemi ya ɗaure uban 'ya'yana da abin da zai iya raba mu da ƙasar nan. Da mu marasa takarda ne fa? Da mun sayar da abin da muka mallaka mun ba shi." Ta ce gaskiya ne, ba ta da abin cewa. Ta yi ta kuka.

Inna ta bari muka yi shiru, sannan ta ce in zubo wa baƙi abinci. Faten jarish ne, da 'yar ramar da na tsinko a bokitin iri da yakuwa. Matar ta kai loma ɗaya ta ajiye cokali. Ta ce rabonta da rama tun tana goyon yaron nan.

Da daddare maigida ya tambaye ni, ya ce ba zai sa hannu ba sai na yarda, don lambuna ne. Na ce ya ba ni kwana biyu. Ƙari bayan kwana biyun: ran Talata na ce ya je. Zuciyata ba ta gama sauka ba har yanzu, amma ba na son in zama sanadin ƙarin kwana ɗaya a kan matar nan.

Asabar, 10 ga Disamba

An dawo mana da dinamo da tukunya. Sabon tiyo 35, raga 60, ƙasa buhu biyu 44, fentin matakala da ɗan aiki 180, ƙarfen da aka ƙara wa katanga rabi da mai gida, namu 150. Da na baya da tumatir, 904 ke nan. Na sa wa magudana rariya, na kuma ɗaga bokitai nesa da ita. Mai gida ya hau ya duba, ya ce a ci gaba.

Rama ba zan shuka yanzu ba, za ta yi fure tana ƙarama. Bokitan shida na zuba alayyahu biyu, jarjir, kuzbara, salak, da kabewa ɗaya da zan ja a jikin raga. Lalon da na yanke ya tofo.

Alhamis, 22 ga Disamba

Jarjir ya yi kyau a sanyin nan. Inna ta yarda da shi in an yanka a kan ful, da lemon tsami. Zogale ya wuce tsawona, na sare kansa don ya yi rassa, ganyen na yi dambu da jarish. Tumatir biyu sun kamu da ciwon naɗewar ganye, na cire su. Yanzu da yake ba a kunna na'ura sosai ruwan durom ya ragu, ina haɗawa da na tanki, wanda ya huce.

Dokar da na kafa: duk Juma'a babban yaro ne mai gyaran ganye, autata mai wankewa. Ya yi ƙunƙuni satin farko.

Asabar, 7 ga Janairu, 2023

Tarakumin Inna ya sauko 8.1. Likita ta ce da saura, amma a ci gaba a haka, ba ta ƙara magani ba. Cefanen ganye ya ragu da kusan riyal 25 a sati, don haka sai bayan Babbar Salla lambun zai mayar da kuɗinsa, in ba a sake wata asara ba.

Kwanson ramar bayan tanki ya bushe. Na yanko jiya, yaron ya zauna gaban Inna yana ɓarewa. Na manta ban gaya masa ƙaiƙayin kwanson ba, ya yi ta susa, Inna ta sa ya shafa man gyaɗa ya sa safar hannu. Ya tambaye ta yadda ake igiya da ita, ta kwatanta masa jiƙon kara a kududdufi da saɓule ɓawo, da Hausa, yana amsawa da Hausa rabi da rabi. Iri ya kusa cika kofin shayi.

Na raba uku. Kashi ɗaya na ƙarshen Fabrairu, don ta isa tsinka a cikin azumi, wanda ake sa ran zai kama wajen 23 ga Maris. Kashi ɗaya na ajiya a kwalba. Na ukun dattijuwar nan za ta zo ta karɓa gobe, ta kai wa uwar yaron, ta ce akwai wuri a barandarta da zai ɗauki bokiti biyu. Sai na nemo mata bokitan a Sawarik ran Talata, da buhun taki ɗaya, nawa ma ya ƙare.